Wasannin da: kaset ɗin muke kewa ko mutanen da muka buga da su?

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da na daɗe ina son mu baje ta a wannan zaure. Ni a ganina wasannin bidiyo na zamanin kaset sun fi na yanzu armashi, kuma ba ɗokin ƙuruciya ne ke sa ni faɗa ba. Hujjata ita ce masu ƙera su a takure suke, takurar kuma ta tilasta musu yin tunani mai zurfi. Super Mario Bros. da ya fito a 1985, gaba ɗayansa kimanin kilobayit 40 ne. Hoto guda da za ka ɗauka da wayarka yau ya ninninka shi. Tsabar ƙarancin wuri, gajimaren da ke sama da duhuwar ciyawar da ke ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Amma a cikin wannan ɗan wurin Shigeru Miyamoto da abokan aikinsa na kamfanin Nintendo suka zuba matakai 32, kuma matakin farko yana koya maka wasan ba tare da an rubuta maka ko harafi ba. Abokin gaba na farko ya tunkaro ka, dole ka gano tsalle. Ka daki bulo da ka, abu ya fito, ya bugi bututu ya dawo kanka, ka ga ka ƙara girma. Shi ke nan, ka iya.

Yanzu kuwa ka sayi wasa, ka jira ya sauka, ka jira sabuntawa, ka buɗe asusu, sannan a shafe minti talatin ana nuna maka fim kafin a bar ka ka taɓa madanni. To ku faɗa mini, ni kaɗai ke jin haka? Kuma wane wasa ne har yau idan kun tuna shi zuciyarku ke motsawa?

Ɗan Master League:
Wa alaikumus salam. Yaya, ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A. Duk wanda ya buga Contra ya san abin da na rubuta. Rai 30 maimakon 3. Har yau yatsuna na sun haddace shi.

Maman Sadik:
Ni Snake ne, na wayar Nokia 3310. Maciji yana tsawo, fili yana ƙanƙancewa, kai ne abokin gaban kanka. Ban taɓa riƙe hannun gem ba a lokacin, amma wannan na buga shi har babban yatsana ya yi kanta.

Injiniya:
Tunda an ambaci lambar Contra: ba don Contra aka ƙirƙire ta ba. Kazuhisa Hashimoto na kamfanin Konami ne ya sa ta a wasan Gradius a 1986, saboda yana gwajin wasan kuma ya yi masa wuya, sai ya yi wa kansa ƙofar baya. Aka bar ta a ciki, ta zama gado. Wannan na goyon bayan maganar Baban Amira ta wata fuska: mutane ƙalilan ne ke yin wasa a lokacin, shi ya sa kake jin hannun mutum a ciki. Space Invaders na 1978 ma kusan mutum ɗaya ne ya yi shi, Tomohiro Nishikado. Saurin da maharan ke ƙarawa idan ka rage yawansu ba tsari ba ne tun farko. Na'urar ce ke samun sauƙin zana su idan sun ragu, sai ta yi sauri. Ya ga abin ya ƙara wa wasan zafi, ya bar shi.

Autan Zaure:
Yayyena, ku yi mini afuwa, zan saɓa muku. Ni ban riski zamanin kaset ba, amma na koma na buga da yawa daga cikinsu da manhajar da ke kwaikwayon tsoffin na'urorin wasa, kuma abin da na gani shi ne kuna tuna goma ne kuna manta ɗari. Mario da Contra da Sonic su ne suka tsira saboda suna da kyau. Ina tarin wasannin da ba a iya bugawa, waɗanda ka danna tsalle sai mutumin ya yi abin da ya ga dama? A 1983 kasuwar wasan bidiyo a Amurka rushewa ta yi saboda an cika ta da tarkace. Kamfanin Atari har rami ya sa aka haƙa a Alamogordo da ke jihar New Mexico aka binne kaset-kaset da ba su sayu ba, ciki har da na wasan E.T. Mutane sun daɗe suna ɗauka almara ce, sai a 2014 aka tono su kowa ya gani.

Sannan wahalar nan da kuke yabo, ba duka ce hikima ba. Da yawa daga cikin wasannin daga injinan jefa kwabo suka samo asali, inda ribar mai injin ita ce ka mutu da wuri ka sake jefawa. Da aka kawo su gida sai aka bar wahalar, domin wasan da za a iya gamawa cikin awa ɗaya ya ɗauke ka wata uku. Yau akwai wasannin da mutum ɗaya ko biyu suka yi, masu zurfin da kaset ba zai iya ɗauka ba. Minecraft da mutum ɗaya ya faro, yara suna gina birane a ciki da na'urori masu aiki. Wane wasan 1988 ne ya ba yaro wannan 'yancin?

Baban Amira:
Auta, maganarka ta injin kwabo gaskiya ce, kuma tarkace kam an yi su. Amma ka lura da abin da ya biyo bayan 1983. Da Nintendo ta kai na'urar wasanta ta NES Amurka a 1985 ta sa wa kamfanoni takunkumi, kowanne ba zai fitar da wasa fiye da biyar a shekara ba, kuma sai ya bi ta hannunta. Abin da nake kewa shi ne wasa ya zo a kammale. Kaset ba shi da gyara bayan ya bar masana'anta. Idan akwai kuskure, ya zauna har abada da sunanka a kai, don haka sai an tabbatar kafin a fitar. Yanzu ana sayar maka da rabin wasa a ce sauran na tafe.

Kuma ka dubi Pac-Man na 1980. Fatalwa huɗu ne kawai, amma kowacce da halinta: ja tana bin bayanka kai tsaye, mai ruwan hoda tana tarar gabanka, mai ruwan lemo idan ta matso sai ta janye. Yaro bai san an rubuta haka ba, amma jikinsa ya sani. Wannan ne nake kira tunani.

Anti Mai Lido:
Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ku bar ni in faɗa muku abin da na lura. Babu wanda ya ce yana kewar zama shi kaɗai a gaban talabijin. Ɗan Master League, Contra ɗin nan kai kaɗai ka buga? Ai mutum biyu ne, kafaɗa da kafaɗa, kuma idan rayukan ɗaya suka ƙare yana iya satar na ɗan uwansa, a yi ta rigima. Abin da ke zuciyarku mutumin da ke gefe ne.

Shi ya sa ni ban taɓa barin lido ba. Allo ne na kwali, 'ya'ya goma sha shida, da dayis. Ba batir, ba waya. Amma ka zauna da mutum huɗu ka ga yadda halin kowa ke fitowa fili. Akwai wanda ba zai taɓa cin ɗan ƙanwarsa ba ko da hanya ta buɗe. Akwai wanda zai bar hanyar gida ya bi ka don ramuwa, ko da hakan zai ja masa faɗuwa. Akwai mai roƙon shida da murya kamar dayis ɗin na jin magana. Na san halin 'yan uwana a kan allon lido fiye da yadda na san shi a hira.

Kuma wasan ba na jiya ba ne. Daga pachisi na Indiya aka samo shi, inda ake jefa wuri maimakon dayis, a kan kyalle mai siffar gicciye. A Ingila aka yi masa rajista da sunan Ludo a 1896 bayan an sauƙaƙa shi. Fiye da shekara ɗari da ashirin ke nan, kuma allon da kakarka ta buga a kai zai yi aiki yau.

Ɗan Master League:
Anti, kin gama magana. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wasannin ƙwallon ƙafa na Winning Eleven da PES a PlayStation. Mutum biyu, talabijin ɗaya, wasu shida a baya suna jiran layi, wanda aka ci ya miƙa hannu. Masu jira su ne 'yan kallo, su ne masu sharhi, su ne alƙalai. Idan ka ci ƙwallo mai kyau sai an maimaita ta, kuma wanda aka ci dole ya zauna ya kalla. A Master League kuwa, sashen wasan da kake gina ƙungiyarka, kana farawa da 'yan wasan da babu su a duniya, su Castolo da Minanda, ka yi ta fama da su kana tara maki har ka sayi ɗan wasa na gaske guda ɗaya. Ranar da ka saye shi kamar an yi maka albishir. Duk wannan tarihin yana cikin memori ɗan ƙarami, na PlayStation ta farko ma gurbi 15 kawai gare shi. Sai ka zauna ka yi shawara da zuciyarka wane wasa za ka goge.

Yanzu ina buga ƙwallo da mutane ta intanet, hoton kamar na gaske, har gumi kana gani. Amma idan na ci mutum ban ga fuskarsa ba. Wani ma kashewa yake yi ya fita kafin a tashi.

Kawun Zaure:
Yara, Allah ya yi muku albarka. Na ji daɗin wannan muhawara. Ni ban san kaset ba, shekaruna sun wuce lokacin da ya zo. Abin da na sani shi ne ces, wato wasan allo mai sarki da sarauniya da doki, da diraf da dara, kuma ina so in ɗora a kan maganar 'yata Mai Lido.

Bambancin da nake gani shi ne inda doka take zaune. A wasan allo, dokar tana cikin kawunan masu wasa. Idan allon ya ƙone, ka zana wani a ƙasa, ka samo tsakuwa, wasa ya ci gaba. A wasan na'ura, dokar tana cikin akwatin, akwatin kuma na kamfani ne. Wannan ne ya sa wasannin allo suke daɗewa irin daɗewar da ke ba ni mamaki. Mutanen Misira sun buga senet, mai gida 30, shekaru kusan dubu biyar da suka wuce, har a kabarin Tutankhamun an samu allunansa. A birnin Ur na ƙasar Iraƙi, Leonard Woolley ya tono alluna masu gida 20 a shekarun 1920, waɗanda aka yi tun wajen shekara 2600 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga baya Irving Finkel na gidan tarihin Birtaniya ya karanta wani allon yumɓu na Babila da aka rubuta bayanin wasan a kai, kuma yau mutane suna buga shi. Ku yi tunani: wasa ya yi barci shekaru dubbai, aka tashe shi, ya tashi.

Ces kuwa daga Indiya ta taso wajen ƙarni na 6, ta bi ta Farisa ta shiga ƙasashen Musulmi. A Bagadaza zamanin Abbasiyawa akwai gwanaye irin su al-Adli da as-Suli da suka rubuta littattafai a kanta, suka tsara matsalolin da har yau ake warwarewa. A lokacin babu sarauniya a kan allo. Waziri ne, kuma gida ɗaya kawai yake takawa a karkace, rarrauna ne ƙwarai. Sai a ƙarshen ƙarni na 15 a ƙasar Sifen aka ba wannan ɗan ikon ratsa allo duka, wasan ya yi sauri, kowa ya karɓa. Ba kamfanin da ya ba da izini. Masu wasa ne suka ga ya fi daɗi.

Baban Amira:
Kawu, Allah ya ƙara girma. Wannan magana ta inda doka take zaune ban taɓa kallon abin ta nan ba. Kuma ko Nintendo ɗin da nake yabo, da karta ta fara. A 1889 aka kafa ta a Kyoto tana buga katunan hanafuda masu zanen furanni. Kusan shekara casa'in tana harkar kati da kayan wasan yara kafin Mario ya zo.

Injiniya:
Kawu ya taɓo abin da ya fi damuna, bari in faɗaɗa shi ta ɓangaren na'ura. Wasannin bidiyo suna mutuwa, kuma da sauri. A 2023 gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar da bincike cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su yanzu ta kowace hanya. Ba fim ne na shekara ɗari ba, abin da muka buga ne da hannunmu.

Mutuwar iri-iri ce. Wasu kaset ɗin suna da ɗan batir a ciki da ke riƙe inda ka tsaya, tun daga wasan Zelda na farko. Batirin ya ƙare, duk abin da yaro ya tara ya tafi. Bindigar Duck Hunt, wasan harbin agwagwa, ba ta aiki da talabijin na zamani, domin idan ka harba allon yana yin baƙi na ƙiftawar ido sai farin akwati ya bayyana inda agwagwar take, bindigar ta ga hasken. Talabijin mai ƙeya yana nuna hoton nan take, na yanzu kuwa yana ɗan jinkiri, lissafin ya rushe. Faifai yana karcewa, idon na'ura yana gajiya.

Amma mafi muni shi ne na yanzu. Wasan da ba ya tashi sai ya gaisa da kwamfutocin kamfani, ranar da kamfanin ya kashe su ya mutu a hannun duk wanda ya saya. Haka aka yi a 2024 ga wasan tseren mota The Crew, wanda ya fito a 2014, har abin ya tayar da gangami a Turai ana neman doka ta hana. Kaset na 1985 idan ka goge bakinsa zai tashi yau. Wasan 2014 ba zai tashi ba. A nan nake tare da Baban Amira ɗari bisa ɗari: da, abin da ka saya naka ne. Kana iya ara wa aboki, ka yi musanya, ka bar wa ƙaninka.

Af, kuma hura iska a bakin kaset da kowa ya yi: ba iskar ce ke gyarawa ba. Cirewa da mayarwar ce ke sa ƙarafunan su haɗu daidai. Danshin baki ma tsatsa yake jawowa, har gargaɗi aka rubuta a bayan wasu kaset ɗin.

Maman Sadik:
Ni damuwata ta uwa ce. Ba na adawa da wasa, na ga amfaninsa a wurin ɗana, ya iya haƙuri da sake gwadawa. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne wasannin da ba su da ƙarshe. Mario yana da ƙarshe, ka ceto gimbiya a rufe. Lido yana da ƙarshe, wani ya shiga gida a naɗe allo. Amma waɗannan na waya an gina su ne don kada ka tashi: kyautar yau, kyautar gobe, idan ka tsallake rana ka yi asara. Sannan ga akwatunan nan da ake saya da kuɗi ba ka san abin da ke ciki ba. Ƙasar Beljiyam tun 2018 ta ce wannan caca ce ta hana. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta sa kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, ga wanda abin ya fi ƙarfinsa har ya ɓata masa rayuwa. Mu Snake ne, macijin ya ciji wutsiyarsa ka ajiye waya.

Autan Zaure:
Maman Sadik, a kan akwatunan sa'a ba ni da ja, ni ma ƙyamarsu nake. Amma Anti da Yaya Ɗan Master League, ku yarda da ni cewa abotar intanet ma abota ce. Akwai mutanen da muke wasa tare shekara da shekaru, na san muryar kowa, na san ranar da ɗaya ya rasa mahaifinsa domin bai shigo ba muka neme shi. Ba mu taɓa zama ɗaki ɗaya ba, amma ba zan ce ba abokaina ba ne.

Kuma tsoffin wasannin da kuke cewa namu ba su san su ba, matasa ne ke raya su. Tetris da Alexey Pajitnov ya yi a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, siffofi bakwai kacal, kowacce murabba'i huɗu. Shekaru da yawa an ɗauka mataki na 29 a na'urar NES shi ne iyaka, saboda saurin ya wuce abin da yatsa zai iya. Sai yara suka ƙirƙiro wata dabara, suna kaɗa yatsu a bayan hannun gem ɗin suna tura shi kan babban yatsa. A watan Disamba 2023 yaro ɗan shekara 13, Willis Gibson, ya kai mataki na 157 har wasan ya daskare. Shi ne mutum na farko da aka sani ya kai wasan ƙarshen ƙarfinsa, kuma an haife shi fiye da shekara ashirin bayan fitowar kaset ɗin. Wannan ba kewa ba ce, ƙauna ce sabuwa fil.

Baban Amira:
Na kalli bidiyon yaron nan, Auta, kuma sai da idona ya ciko. Tetris a Game Boy, ƙaramar na'urar wasa ta hannu ta Nintendo, na fara sani. Allo kore-kore, ba launi, ba fitila, sai ka nemi inda haske yake. Sega ta fito da Game Gear mai launi, amma batir shida take sha cikin 'yan awoyi, Game Boy kuwa huɗu ne kuma su daɗe. Gunpei Yokoi da ya ƙera Game Boy a 1989 da gangan ya zaɓi tsohuwar fasaha mai araha. Ita ce ta yi nasara.

Anti Mai Lido:
Auta, ban raina abokanka ba, kuma labarin wanda ya rasa mahaifinsa ya taɓa ni. Abin da nake cewa shi ne akwai abin da sai a zaune ake samu. A karta, rabin wasan a fuska yake. Kana kallon yadda mutum ya gyara zama da ya ja kati, ka san ya samu abin da yake nema. Kuma a allo ne kaɗai babba zai iya sassauta wa yaro ba tare da yaron ya gane ba, ko a tsaya tsakiyar wasa a ce wannan dokar ba ta yi ba, mu canza. Na'ura ba ta sassauci, ba ta kuma jin roƙo.

Ɗan Master League:
Tunda an zo kan canza doka, ina da tambaya a kan Monopoly, wasan allo na sayen filaye. Mu duk kuɗin tara da haraji a tsakiyar allo muke tarawa, wanda ya sauka a gidan ajiye mota kyauta ya kwashe. Wani ya ce mini ba haka ba ne. Kuma me ya sa wasan ba ya ƙarewa? Sai a yi awa huɗu kowa ya gaji a watse.

Injiniya:
Wanda ya faɗa maka ya yi gaskiya, kuma tambayoyinka biyu amsarsu ɗaya ce. A rubutacciyar doka wannan gidan ba ya ba da komai, hutu ne kawai. Kuɗin tara banki yake komawa. Idan kuka mayar da shi hannun 'yan wasa, kun hana kowa talaucewa, wasan kuma ba ya ƙarewa sai an talauce. Doka ta biyu da kusan kowa ke tsallakewa: idan ka sauka a fili ka ce ba ka saya, banki gwanjonsa yake yi nan take, kowa na iya tayawa har da kai. Da wannan filaye ke ƙarewa da wuri, ciniki ya fara. Ku gwada haka, za ku ga ya ragu sosai.

Asalinsa ma darasi ne. Wata mata, Lizzie Magie, ta yi wa The Landlord's Game rajista a 1904 don ta nuna yadda mallake filaye ke azurta mutum ɗaya ya tsiyata saura. Parker Brothers suka fitar da Monopoly a 1935 da sunan Charles Darrow, aka daɗe ba a ambatonta. Ɓacin ran da kake ji idan ɗan uwanka ya kwashe komai, shi ne abin da ta so ka ji.

Autan Zaure:
Shi ya sa nake roƙonku ku gwada wasannin allo na zamani, domin su ma ba su tsaya a 1935 ba. Catan da Klaus Teuber ya fitar a Jamus a 1995, shi da yake sana'ar haɗa haƙoran roba, ya gyara abin da ke damun Monopoly. Ba a fitar da kowa daga wasa, kowa na nan har ƙarshe. Kowace jifa ta shafi kowa, ko ba layinka ba ne kana iya samun itace ko alkama. Dole ka yi ciniki da abokin hamayyarka, domin ba wanda ke da komai. Wanda ya fara kai maki 10 ya ci. Anti, na tabbata za ki so shi, domin duk halayen da kika lissafa a lido suna fitowa, har da ƙari.

Kawun Zaure:
Auta, ka kawo shi mu gani, ni ba na ƙin sabon abu. Abu ɗaya zan ƙara. A 1997 da kwamfutar Deep Blue ta doke zakaran ces na duniya Garry Kasparov, na ji mutane suna cewa ces ta mutu. A 2007 masana a Kanada suka tabbatar da cewa diraf mai gida 64, idan ba wanda ya yi kuskure, canjaras ake tashi. A 2016 manhajar AlphaGo ta ci gwani Lee Sedol huɗu da ɗaya a go, wani tsohon wasan allo. To wa ya daina wasa? Masu buga ces yau sun fi na kowane zamani yawa. Wayar da ke aljihuna za ta ci ni sau dubu, kuma ban damu in buga da ita ba. Ina son in ci abokina ne wanda muka san dabarun juna, wanda na san yana tsoron doki kuma ya san ina gaggawar fito da sarauniya.

Maman Sadik:
To ku ba ni shawara a aikace. Yara uku, babban shekara 11, ƙaramar 6. Da me zan fara da zai haɗa su duka, har da ni?

Anti Mai Lido:
Fara da lido, amma ku zauna ku yanke dokoki kafin a jefa dayis, kuma ki bar yaran su sa baki: shin shida uku a jere ta ƙone, shin 'ya'ya biyu a gida ɗaya sun tare hanya, shin dole ne ka ci idan dama ta zo. Ki rubuta a bayan allon. Ƙaramar za ta koyi ƙirga da jiran layi. Maciji da tsani ma ya yi mata, sai dai babban zai gaji da shi da wuri domin babu zaɓi a ciki, sa'a ce zalla.

Kawun Zaure:
Babban ki koya masa diraf tukuna, sannan ces. Kada ki fara masa da allo cike. Sarki da sojoji kawai, wanda ya fara kai soja ƙarshen allo ya ci. Idan ya ƙware ki ƙara hasumiya, bayan mako ki ƙara wani.

Baban Amira:
Ni kuma zan ce ki samo musu wasan bidiyo na mutum biyu a allo ɗaya, wanda yake da ƙarshe, hannu biyu yara uku, wanda aka ci ya miƙa. Anti, a kan dokar shida uku kuwa ban yarda ta ƙone ba. Mutum ya jira minti goma bai fito ba, sa'a ta zo masa kuma a ƙwace?

Anti Mai Lido:
Ta ƙone, Baban Amira. In ba haka ba mutum ɗaya zai zagaye allo sauran suna kallo. Maman Sadik, ki sa yaran su kaɗa ƙuri'a a kai, ki zo ki faɗa mana abin da suka zaɓa.